Sharhi: Wai da gaske kowa da gaskiyarshi?

Jama'a masu saurare a Tawa da kewaye, barkanmu da war haka. Akwai wata magana da ta zama yayi a fadojin samari, ana cikin gardama ana kurɓar shayi, da wani ya ga an kusa ƙure shi sai ya ce to ai kowa da gaskiyarshi, shikenan a tashi. Musamman yaranmu ƴan tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, da sunka fara ɗanɗana filo, wato falsafa, saboda bak, jarrabawar kammala sakandare, wasunsu har cewa suke babu wata gaskiya sam, duk yadda ka gani ne. Ni dai ban yarda ba.

Shakkar nan ba su sunka fara ta ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, malamin da ya koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya rubuta da kanshi cewa ya taɓa kai inda bai yarda da idonshi ba. Ya ce dubi inuwa, kana kallonta ka rantse tsaye take, in ka dawo an jima sai ka tarar ta gusa, ashe tun ɗazu tafiya take sannu sannu ido ne bai kama ba. Tauraro kuma ka gan shi ɗan ƙarami kamar dinari, lissafi ya ce ya fi duniya girma. Bai tsaya nan ba, ya ce to tunda hankali ya ƙaryata ido, wa ya sani ko akwai abin da zai ƙaryata hankali, kamar yadda farkawa ke rushe mafarki? Wajen wata biyu ya yi cikin wannan hali, kuma ya ce ba hujja ta fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa mai a ƙirji. Shi ko Dekart na Faransa da yaran ke haddacewa, a 1637 ya ce ko da komi ƙarya ne, ni mai shakkar nan dai akwai ni.

Amma ku lura da zancen inuwar nan, nan ne yaran ke tsallakewa. Yaya anka yi anka gane ido ya yi kuskure? Da an ce babu gaskiya ai da babu kuskure ma. Tsofaffin ladanai kafin agogo ya yawaita, sanda suke kafawa a fili, su ja layi a ƙasa daidai bakin inuwa, su jira, tana raguwa tana raguwa har ta tsaya, da ta fara ƙaruwa ta wancan gefen sun san zawali ya yi, a kira azahar. Ido ɗin da ya ruɗe ka shi ne dai ya gyara, don an haɗa mai da haƙuri da awo.

Inda nike ɗan ba su gaskiya, akwai abubuwan da yardar mutane ce kawai ta tsai da su. Jikka guda, wato sefa dubu, da ke aljihunka takarda ce. Ranar 12 ga Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, takardar ba ta canza launi ba amma dattawa na tune da yadda kasuwa ta yi. Haka iyakar Ƙonni da Illela ta Najeriya, Turawan Faransa da na Ingila sunka shata ta, ƙasa iri ɗaya, harshe ɗaya, dangi nan da can, amma da anka rufe ta a 2023 wa bai ji a jikinshi ba? To ko waɗannan ɗin ma ba ra'ayin mutum ɗaya ba ne, je ka ce ma mai kanti a gaskiyarka sefa ɗari biyar ɗinka jikka ce ka ga.

Balle kuma abin da ba ruwanshi da yardar kowa. Damina in ba ta yi ba, ba ta yi ba, ko duk Adar ta taru ta ce rumbuna cike suke. Muryar da anka turo maka a WhatsApp cewa an ga jinjirin wata a gari kaza, ko dai an gan shi ko ba a gan shi ba, kuma ana iya bincikawa: wa ya gani, a ina, ƙarfe nawa, shi kaɗai ko da shaidu. Wannan aikin ne ke da wuya, shi ya sa a fada an fi son a ce kowa da tashi a zuba shayi na biyu.