Shekarar da Ummi ta zo: waiwaye daga Birmingham

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, na gida da na waje, barkanmu da sake saduwa. Yau ban fita ko'ina da kyamara ba, domin muna cikin watan Disamba, kuma a nan Birmingham ta ƙasar Ingila kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi, sanyin kuma ba na fita da jaririya ba ne. Saboda haka zama zan yi in ba ku labarin shekarar 2025 kamar yadda ta zo wa gidanmu, hotunan da na ɗauka kuma za su riƙa wucewa kuna gani.

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san cewa aikin jinya nake yi, kuma azumin bana, wanda ya kama a farkon Maris, ya same ni da tsohon ciki ina tsayuwar awa 12 a ɗakin marasa lafiya. Ban iya yin azumin ba, yanzu ne nake ramawa, tunda yinin hunturu gajere ne.

A watan Mayu Allah ya sauke ni lafiya, muka sami 'ya mace. Abin da ba zan manta ba shi ne maigidana yana tare da ni a ɗakin haihuwa tun daga farkon naƙuda har ƙarshenta, abin da a gida ko a mafarki ba zai faru ba, domin iyaye mata ne za su kewaye ni, shi kuwa yana can waje yana jiran albishir. A nan babu inna, babu gwaggo, babu yaya, shi kaɗai ne. Shi ya riƙe hannuna, shi ya riƙa maimaita mini addu'a duk lokacin da bakina ya kasa, kuma da aka miƙa masa yarinyar ya yi mata kiran salla a kunne muryarsa tana rawa. Hutun mako biyu doka ta ba shi, kuma a cikinsu ya koyi wankan jaririya, ya koyi dama kunu, ya koyi tashi cikin dare ba tare da an tashe shi ba. Ungozoma ta riƙa zuwa har gida tana duba mu, a rana ta biyar ta ɗebi jini a diddigen yarinyar don gwaji, ta rubuta komai a jan littafin nan da ake ba kowane jariri a ƙasar nan.

Sunan kuwa a wuri biyu aka yi shi. Ba a yanka rago a bayan gida a nan, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, don haka a Katsina aka yanka, kuma a zauren mahaifin maigidana aka raɗa suna da sassafe, aka raba goro da dabino, mu kuma muna kallo ta waya. Da yake a watannin zafi agogon Ingila da na Najeriya daidai suke, lokaci ɗaya muka shafa fatiha da su. An mayar wa yarinyar sunan mahaifiyar maigidana, shi ya sa muke yi mata alkunya da Ummi. Da rana kuma matan Hausawa na garin nan suka cika mana falo, akwai 'yan Kano, akwai wata baiwar Allah 'yar Maraɗi, akwai 'yan zangon Kumasi, kowacce da kular abincinta, masa da miyar taushe, da dambun shinkafa, da zoɓo. Wasunsu a masallaci kawai muka san juna, amma sun yi mini abin da 'yan uwa na jini suke yi, kuma ina roƙon Allah ya saka musu da alheri.

Mahaifiyata ba ta sami halartar suna ba saboda bizarta ba ta fito da wuri ba, sai dab da Babbar Salla ta iso. Wannan akwatin da kuke gani nata ne: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yajin jego, garin kunu, da ƙullin kanwa. Kilishi ne kawai na hana ta ɗaukowa, domin ba a yarda matafiyi ya shigo da nama daga Najeriya ba, kuma har yau tana yi mini mitar hakan.

A kan kanwar nan ne muka yi doguwar magana da ita, kuma ina so mata masu kallo su saurara da kyau. Hajiya ta zo da niyyar yi mini jego irin wanda aka yi mata, wato wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, da kunun kanwa mai kauri kullum. Ni kuma na san cewa tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da yawan shan kanwa, wadda gishiri ne ya cika ta, da kuma tsananin zafin da ake gasa mai jego da shi. Faɗa wa mahaifiya irin wannan magana ba abu ne mai sauƙi ba, domin ita ba al'ada kawai take karewa ba, ƙauna ce take nunawa ta hanyar da ta sani. Ta dube ni ta ce, “Ke 'yar nan, da kanwar nan na haife ku duka, me ya same ni?” Na ce, “Hajiya, Allah ne ya kiyaye ki, amma ba kowace mace ce ta tsira ba.” Ta yi shiru, washegari ta dama mini kunun gyaɗa, ruwan wankan kuma ta sirka shi daidai yadda jiki zai ɗauka. Gashin nama da yaji kuwa ban yi gardama ba, na ci har na gode Allah. Ra'ayina shi ne kulawar da ke cikin jegonmu, wato a hutar da mace, a ciyar da ita, a hana ta zama ita kaɗai, abu ne da matan ƙasar nan da yawa ba sa samu, kuma bai kamata mu yar da shi ba. Abin da ke cutarwa a cikinsa kawai za a cire.

Zaman suruka da suruki a gida mai ɗaki biyu shi ma wani darasi ne. A Katsina, maigidana zai durƙusa ya gaishe ta daga bakin ƙofa ya tafi, ba za su ci abinci a wuri ɗaya ba, kuma ba zai taɓa ɗaukar 'yarsa ta fari a gabanta ba saboda kunya. A nan kuwa kicin ɗaya ne, falo ɗaya ne. Makon farko, da zarar ya ji motsinta sai ya ajiye Ummi ya shige ɗaki. Wata rana da dare na dawo daga wanka na tarar yarinyar tana ta tsala kuka, Hajiya tana salla, shi kuma ya saɓa ta a kafaɗa yana zagaya falo yana jijjiga ta. Da Hajiya ta sallame bai san inda zai sa kansa ba, sai ta ce masa, ba tare da ta ɗago kai ba, “Riƙe ta, ɗana, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.” Daga ranar ya daina ɓuya. Kafin ta koma a ƙarshen Agusta, ta kira ni gefe ta ce in riƙe mutumin nan da kyau, kuma ban taɓa jin ta yabi wani namiji haka ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo a shekarar shi ne bikin ƙanwata, autarmu, wanda aka yi a watan Oktoba ba na nan. Ni na goya ta tana ƙarama, amma kamu da sa lalle da kai amarya duk a waya na gan su, ina zaune a nan sanye da ankon da aka aiko mini. Na aika gudummawata ta kayan ɗaki, kuma da yake a lokacin fam ɗaya yana kusan naira 2,000 kuɗin sun yi amfani, sai dai kuɗi ba sa rungumar amarya lokacin da take kukan rabuwa da gida. Na yi kuka sosai a daren nan, ba zan ɓoye muku ba.

A watan Nuwamba na ci jarrabawar tuƙi. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake yi wa mutum aiki a nan, bayan haka dole a zauna jarrabawar rubutu da ta hanya, ga tuƙi ta hannun hagu, ga shataletale a kowace kusurwa. Yanzu ni nake kai Ummi rigakafi, ni nake zuwa cefane a Coventry Road ba tare da jiran bas cikin ruwan sama ba.

Mutane da yawa sun tambaye ni ko Ummi ta zama 'yar Birtaniya tunda a nan aka haife ta. Amsar ita ce a'a, domin tun 1983 haihuwa kaɗai ba ta ba yaro wannan matsayi sai idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin, mu kuwa da bizar aiki muke zaune. Mun yi mata rajistar haihuwa a cikin kwana 42 da doka ta tanada, yanzu kuma fasfo ɗinta na Najeriya muke nema, domin burinmu shi ne kafin hutun haihuwata ya ƙare mu kai ta Katsina. Mahaifina bai taɓa ɗaukar ta ba, kakarta mai sunanta ma haka, kuma dukansu sun manyanta. Ku taya mu da addu'a Allah ya sa takardun su fito a kan lokaci. Sai mun sake saduwa, wassalamu alaikum.