Kwana 21 kafin zuwan katafila

[Hoto: allon waya, saƙon murya yana tafiya]

Wannan saƙon ya iso wayarku, na sani, don ni ma sau huɗu aka turo min shi. Wani bawan Allah ne yake rantsuwa cewa idan kamfani ya zo garinku da aiki, ku yi shiru abinku, ku bari sai ya yi ɓarna, sannan ku ɗauko babban lauya ya ƙwato muku diyya. Har da cewa wai aikin lauyan muhalli ke nan. To, Malam mai saƙo, Allah ya saka da niyya, amma ka juya rigar a baibai.

[Hoto: ɗalibai sanye da baƙi da fari, harabar kotu]

Bari mu bi hanyar zama lauya a gurguje. Shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a makarantar horon lauyoyi, ko Bagauda, ko Yola, ko Bwari. A sa gashin nan na doki a kai, a tafi hidimar ƙasa. Mai neman muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, sai ya shekara aƙalla 10 yana aiki kafin ma a saurare shi. Wannan duk lauya ya sani. Wanda ya kama fannin muhalli kuwa, sai ka tarar ya yi furfura, amma kwanakin da ya yi a gaban alƙali ba su kai rabin waɗanda ya yi a kan tulin takardu ba.

Fannin ma ba tsoho ba ne a ƙasar nan. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, can jihar Delta ta yanzu. Wannan abin kunyar ne ya haifi hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a shekarar. A 1992 aka yi dokar da ta tilasta auna illar babban aiki kafin a fara shi, wadda ake ce wa EIA. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar da ke tabbatar da ana bin dokokin muhalli. Manyan lauyoyin fannin da kuke gani yau, tare da dokokin suka girma.

[Hoto: Kolmani daga sama, gonaki, shanu a burtali]

Nan Kolmani ne, tsakanin Alkaleri a Bauchi da Akko a Gombe, inda Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Nuwambar 2022. Ga siminti a Ashaka, ga kwal a Maiganga. Wato zancen ba na mutanen Neja Delta ba ne su kaɗai. Ya shigo mana har tsakar gida.

Yanzu ku gyara zama, don nan ne wurin da ake tuntuɓe.

Kafin babban aiki ya fara, kamfani zai ɗauko masana su zo su ɗebi ƙasa, su ɗebi ruwa, su auna iska, galibi a damina da kuma rani. Su rubuta me ke wurin, me aikin zai taɓa, yaya za a rage ɓarnar. Sai a haɗa rahoto, kauri kamar tubali, a kai Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Ita kuma sai ta sa a baje shi a fili: a sakatariyar ƙaramar hukuma, a ma'aikatar muhalli ta jiha, a yi sanarwa a jarida da rediyo. Kwana 21, na aiki, ban da Asabar da Lahadi. Kowa yana da damar ya je ya duba, ya rubuta ƙorafinsa.

[Hoto: rahoto a kan tebur, ƙura a bayansa, ɗan yatsa yana rubutu a ƙurar]

Kun ga yadda yake ƙarewa. Babu mai buɗe shi.

Me ya sa wannan littafin ya fi komai? Saboda shi ne hoton garinku kafin a taɓa shi. A ce bayan shekara biyar rijiyar unguwa ta fara wari. Ku je kotu. Abin da alƙali zai fara nema shi ne, da can yaya ruwan yake? Sai lauyan kamfani ya buɗe rahoto, shafi kaza. Idan an rubuta cewa tun asali ruwan ba shi da kyau, kuna da aiki ja a gabanku. Idan kuma ba a ma ambaci rijiyar ba, to a takarda babu ita. Haka burtali, haka mashayar dabbobi, haka fadamar da mata ke noman rani, haka tsohuwar maƙabartar da ta koma kamar kurmi. Baƙon da ya zo da na'ura daga Abuja ya kwana uku, ina zai san cewa ɗorawar nan ta bakin rafi gida goma ke ci da ita?

To a nan ne babban lauya yake cin tuwonsa. Idan na kamfani ne, shi ke tabbatar da ba a tsallake mataki ba, don kada a tsayar da aikin biliyoyi saboda sanarwar da ba a yi ba. Idan na al'umma ne, zai zauna da hakimi da dagaci da Arɗo, ya ce ranka ya daɗe, a kira min masu gonakin gabas, a karanta musu shafin nan da Hausa, su faɗa min abin da aka manta. Ya rubuta, ya kai kafin wa'adi ya cika, ya sa a buga masa hatimi a kwafinsa. Aiki ne marar armashi, ba mai ɗaukarsa a bidiyo. Ni dai a ganina wannan takardar mai hatimi ta fi dogon Turancin da za a yi a kotu daga baya, lokacin da ya zama ihu bayan hari.

[Hoto: taro a ƙarƙashin rumfa, ana miƙa takarda da biro]

Sai taron tuntuɓa. An raba lemo, an ba da kuɗin mota, an zagayo da takarda kowa ya sa hannu. Mutane da yawa sun ɗauka jerin masu karɓar diyya ne, har ana rubuta sunan jariri. A'a. Shaidar halarta ce. Ita za a liƙa a bayan rahoto a ce an ji ta bakinku. Ku sa hannu, ba laifi, amma ku yi magana tukuna, ku kuma tabbatar mai rubutu ya rubuta.

Diyya hanyarta daban. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, abin da ake biya shi ne amfanin da ke kanta: gini, shuka, itatuwa. Mai da ma'adinai kuwa tsarin mulki ya ce na Tarayya ne, ko a ƙarƙashin gadonka suke. Kuma idan mai ne ya malala, kada ku ɓata tafiya zuwa NESREA, ba huruminta ba ne. NOSDRA ake nema, hukumar da ke kula da malalar mai.

[Hoto: katafila tana ture ƙasa, a hankali]

Wani zai ce, idan kamfani ya ƙi yin rahoton gaba ɗaya fa? Dokar 1992 ta yanke masa tara, wadda ba ta wuce naira miliyan 1 ba. Lokacin da aka rubuta haka kuɗi ne na gaske. Yau ku tambayi direban wannan katafilar, kwana nawa miliyan ɗaya take yi masa a man gas.