Wane Ne Baƙo? Laccar da Aka Gabatar wa Ɗaliban Nazarin Zamantakewa a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Malamaina, ƙannena ɗalibai, an ce in yi magana kan yadda mutum zai riƙi nazarin ƙabila da ƙaura a matsayin aikin jami'a. Matakan kun san su: digiri na farko, bautar ƙasa, na biyu, na uku, sai rubuce-rubuce a mujallu, don ba a ƙara wa malami girma da yawan surutu a aji. Wannan ku tambayi ofis. Ni abin da ya kawo ni shi ne tambayar da za ku rayu da ita: wane ne baƙo, wane ne ɗan gari, kuma wa ke yanke hukunci?

Lokacin da nake bincike a wani garin kan iyakarmu da Nijar, na zauna a zauren wani dattijo Bazabarme. Kakansa ne ya zo cirani, ya yi aure, ya zauna. Dattijon ya ɗauko wata tsohuwar leda daga ƙarƙashin tabarma, ya zazzage takardun haraji da suka yi ja don tsufa. Ya ce, "Malam, ga shaidata. Amma ɗana na neman takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, an ce ya koma garinsu. Ina ne garinsu?" Na rasa amsa. Digirina na uku daga wannan leda ya fito.

Kada ku ɗauka sabon abu ne. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya wallafa bincikensa a 1969. Ya nuna yadda Hausawan can suka ƙara riƙe Hausancinsu gam, saboda cinikin shanu da goro yana tafiya ne kan amana da bashi tsakanin fatake da masu masauki. Wato ƙabila har da kasuwa a cikinta. A 1969 ɗin ne kuma Gana ta kori baƙi, 'yan Najeriya da yawa suka kwaso kaya. A 1983, zamanin Shagari, mu ma muka kori nasu, alhali tun 1979 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta amince da zirga-zirga ba biza. Ramuwar gayya, in ji wasu. Ni dai na ce faɗuwar kuɗin mai ce ta nemi wanda za a ɗora wa laifi.

Kuma ba sai kun je Amurka neman abin bincike ba. Ga Gungawan Yawuri da madatsar Kainji ta tayar daga tsibiransu. Ga Dandawan Kamba da danginsu ke Gaya ta Nijar. Ku koyi Zabarmanci ko Fulatanci, domin tafinta yana tace magana. Ku nemi izinin hakimi kafin ku buɗe littafi. Sunan wanda ya ba ku labari kuwa ku ɓoye shi, musamman mai shigowa ta bayan gari. Naku aikin muƙala ce, shi kuwa 'yancinsa ne a hannunku.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, 'yata, ɗaga murya.