Jawabin Maraba ga Mai Girma Babban Baƙo, Daga Kwamitin 'Yan Agajin Sa-kai

Mai girma babban baƙonmu, iyayen ƙasa, 'yan uwa ma'aikatan agaji, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, lale marhabin, sannu da hanya. Ba za mu tsaya lissafa ayyukanka na alheri ba, kowa a wurin nan ya san su. Bari mu faɗi abin da ke ranmu tun ba a janye ka zuwa wani taron ba: muna roƙon izinin tashi ga jiragenmu marasa matuƙa kafin ruwa ya sauka.

Ƙungiyar nan ta girmi duk wani ofishin agaji da ke yankin. Iyayenmu da kwalekwale da igiya suka riƙa tsamo mutane daga ambaliya, ba albashi, ba takardar yabo. Shekarar da gada ta karye, motocin agaji sun zo har bakin ruwa, aka ɗauki hotuna, aka juya. Samarinmu ne suka ɗora akwatin allurar rigakafi a ka suka ratsa taɓo, kafin su isa ƙanƙarar ciki ta narke, maganin ya lalace. Rahoton da aka rubuta daga baya ko sunanmu bai ambata ba.

Aikin agaji da jirage marasa matuƙa ba mu muka ƙago shi ba. Tun watan Oktoban 2016 kamfanin Zipline ke kai jini asibitocin karkara a Ruwanda, ya shiga Ghana a 2019. Jirgin na gudun wajen kilomita 100 a awa, ya saki ƙunshin da ƙaramar laima, ya koma ba tare da ya sauka ba. A 2017 gwamnatin Malawi da UNICEF suka keɓe sararin gwajin irin waɗannan jirage a Kasungu. Bayan guguwar Idai ta 2019, da su aka zana taswirar wuraren da ruwa ya shanye a Mozambik.

Mun san iyakarsu. Kayan da irin na Zipline mai sakin ƙunshi da laima ke ɗauka bai kai kilo 2 ba, buhun hatsi kam sai mota ko jirgin ruwa. Amma ledar jini ga mai haihuwa, ko maganin dafin maciji, nawa ne nauyinsu? Kuma kyamarar jirgin ita ke nuna wa mai kwalekwale rufin da mutane suka maƙale a kai, maimakon ya yi ta lalube.

Jiragen da masu taimako suka ba mu suna nan a kulle cikin akwati. Yaranmu sun koyi sarrafa su. Takardar neman izini kuwa tana ta yawo daga wannan tebur zuwa wancan, batiran na mutuwa a ajiye. An ce mana batun tsaro ne. Mun yarda, to a yi musu rajista, a shata mana hanya da lokaci, a zaunar da jami'in tsaro kusa da mai tuƙin.

Muna kuma buƙatar sola don cajin batir da firjin magani, da ƙarin horo, amma waɗannan za su iya jira. Izinin ne ba zai jira ba, ranka ya daɗe. Ga kwafin takardar a hannun sakatarenmu, zai miƙa maka yanzu. Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.