Idan Sankarar Ƙoda ta Haura Kai: Lacca ga Ma'aikatan Jinya a Sakkwato

Assalamu alaikum, 'yan uwana ma'aikatan jinya. A gindin ƙwaƙwalwa, bayan kogon hanci, akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ana kiranta fituwitari. Ita ke ba tsokar maƙogwaro da ake kira thyroid da wasu gaɓɓai umarnin fitar da sinadaransu, kuma ta wajenta ne sinadarin da ke hana ƙoda zubar da ruwa barkatai yake shiga jini.

Sankara ba ta cika zuwa nan ba, in ma ta zo yawanci daga nono ko huhu take. Amma ta ƙoda tana da wani hali: sai a cire wa mutum ƙoda, ya yi shekara 10 lafiya lau, sannan ta ɓullo a cikin kai, a wannan tsoka ta fituwitari.

Ga abin da ya fi damuna. In ƙarin ya hana sinadarin nan mai riƙe ruwa shiga jini, mutum zai zo yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana kwana fitsari. A zafin Sakkwato na watan Afrilu wa zai yi mamakin ƙishirwa? Sai a auna sukari, a ga lafiya, a sallame shi. Don Allah ku ƙara tambaya: "Baba, an taɓa yi maka aiki a ciki?" Ku ɗaga riga ku duba tabo, domin dattawanmu da dama ba sa kawo zancen aikin da suka ga ya wuce. Ku tambayi ciwon kai da kasala da ganin abu biyu-biyu. Jijiyoyin ido suna gittawa ne a saman tsokar, in ƙari ya danne su, ganin gefe ne ke fara tafiya.

Daga nan sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a auna sinadaran jini, a ɗauki hoton MRI. Hoton kan yi kama da ƙarin fituwitari na yau da kullum wanda ba sankara ba, shi ya sa sai an gutsuro naman an duba ake tabbatarwa. Ta hanci ake shiga aikin, kuma ƙarin da ya zo daga ƙoda yana zubar da jini sosai.

Kafin aiki a maye sinadaran da jiki ya rasa. Maganin hydrocortisone ke gaba, thyroxine na tsokar maƙogwaro ya biyo, in aka juya tsarin majiyyaci na iya suma. Maganin desmopressin ke rage yawan fitsarin. Bayan aiki akwai gashin ƙari da na'ura (radiotherapy), da magunguna irin su sunitinib da nivolumab. Suna da tsada ƙwarai, ku zauna da iyali ku gaya musu tun da wuri.