Resista biyu da batir ɗaya: haɗin jeri da haɗin rassa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu tattauna a kan resista, wato ɗan abin nan mai zane-zanen launi da ake gani a allon da ke cikin rediyo ko caja, da kuma yadda ake lissafinsa idan an haɗa biyu ko fiye a da'ira, wato hanyar da wuta take bi ta zagayo, wadda batir yake ba wa wuta. Tare da ni akwai Malama, wadda take koyar da fiziks a sakandare, da Injiniya, wanda ya daɗe yana gyaran rediyo da inbata. Malama, daga ina ya kamata mu fara?

Malama: Na gode, Malam. Ya kamata mu fara da abubuwa uku, domin duk lissafin a kansu yake tafiya. Akwai ƙarfin turi da batir yake bayarwa, wanda ake aunawa da bolt. Akwai yawan wutar da take gudana a waya, wanda ake aunawa da amfiya. Sannan akwai turjiyar da abu yake yi wa wannan gudana, wadda ake aunawa da om. Wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Georg Ohm ne ya wallafa dangantakar da ke tsakaninsu a 1827, kuma ita ce: idan ka raba bolt da om, za ka sami amfiya. Wutar batir kuwa ta fuska ɗaya take tafiya, ba ta juyawa gaba da baya kamar wutar gida, shi ya sa da ita ake fara koyon lissafin.

Mai gabatarwa: To, mu ɗauki batirin mota mai bolt 12, da resista biyu, ɗaya mai om 4, ɗaya mai om 12. Injiniya, mene ne haɗin jeri?

Injiniya: Haɗin jeri shi ne ka ɗaura ƙafar resista na farko da ƙafar na biyu, ya zama wuta ba ta da wata hanya sai ta bi ta cikin wannan sannan ta bi ta cikin wancan. Lissafinsa tarawa ce kawai: 4 da 12 sun zama om 16. Idan ka raba 12 da 16, za ka sami amfiya 0.75, kuma wannan adadin ne yake bi ta cikin kowannensu.

Malama: A nan ɗalibai da yawa suke yin tuntuɓe, domin suna zaton resista na farko yana cinye wani kaso na wutar, ya bar wa na biyu ragowa. Ba haka ba ne. Abin da ya shiga shi ne yake fita, kamar yadda ruwan da ya shiga bututu ta wannan baki shi ne yake fita ta wancan. Abin da ake rabawa a haɗin jeri shi ne bolt. Mai om 4 yana ɗaukar 0.75 sau 4, wato bolt 3, mai om 12 kuma yana ɗaukar bolt 9, kuma idan ka haɗa 3 da 9 ka dawo kan 12 ɗin da batir ya bayar. Wannan ita ce ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyu da Gustav Kirchhoff ya tsara a 1845, lokacin da yake ɗalibi a jami'ar Königsberg.

Mai gabatarwa: Wannan ya shiga kai ba tare da wahala ba. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne ɗaya haɗin, inda ake cewa idan an ƙara resista, turjiya raguwa take yi. Ta yaya za a ƙara abin da aikinsa hana wuta wucewa, kuma wutar ta ƙaru?

Malama: Tambayar tana da kyau, kuma ina ganin tushen ruɗanin shi ne kallon resista a matsayin shinge kawai, alhali kuwa hanya ce, sai dai mai ƙunci. Ka ɗauka an idar da sallar Juma'a, jama'a suna fita ta ƙofa ɗaya, sai aka buɗe wata ƙaramar ƙofa a gefe. Komai ƙanƙantar wannan ƙofa ta biyu, masallacin zai fi saurin watsewa, domin ba ta rage wa babbar ƙofar komai ba, sai ma ta ƙara mafita. Haɗin rassa ke nan: kawunan resistocin biyu suna haɗe a wuri ɗaya, ƙafafunsu ma suna haɗe a wuri ɗaya, saboda haka kowanne yana fuskantar cikakken bolt 12 na batir.

Injiniya: Ni a wurin aiki ta nan nake fara lissafin, reshe bayan reshe, kafin in taɓa wata dabara. Reshen om 4 yana jan 12 a raba da 4, wato amfiya 3. Reshen om 12 yana jan amfiya 1. Batir kuwa dole ya ba da duka biyun, amfiya 4. Yanzu sai ka tambayi kanka, wane resista guda ɗaya ne zai ja amfiya 4 daga bolt 12? Amsa ita ce mai om 3. Ka ga 3 ya gaza 4, wato jimillar ta yi ƙasa da ƙaramin cikinsu, kuma haka abin yake kullum.

Malama: Haɗa amfiya 3 da 1 da Injiniya ya yi shi ne ɗaya ƙa'idar ta Kirchhoff, wadda ta ce duk wutar da ta shiga mahaɗa ita ce take fita daga cikinta. Dabarar da ke cikin littattafan makaranta daga nan ta samo asali: a juya kowace turjiya ta zama ɗaya bisa adadinta, a tara, sannan a sake juya amsar. Ɗaya bisa 4 da ɗaya bisa 12 sun ba da huɗu bisa 12, wato ɗaya bisa 3, idan aka juya a sami om 3. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne mantawa da wannan juyi na ƙarshe, sai yaro ya rubuta 0.33 ya ja layi a ƙarƙashi, hankalinsa kwance.

Injiniya: Idan resista biyu ne kacal, akwai hanyar da ta fi sauri: ka ninka su, ka raba da jimillarsu. 4 sau 12 ya ba da 48, a raba da 16, a sami 3. Sai dai a kula, wannan gajeriyar hanya ba ta aiki a kan uku a lokaci ɗaya, sai dai a yi su biyu-biyu. Idan kuma duk iri ɗaya ne, a raba ɗaya da yawansu: biyu masu om 100 sun zama 50. Ina amfani da wannan sosai ranar da na rasa lambar da nake nema a cikin akwati.

Mai gabatarwa: Injiniya, kafin mu fara naɗa ka ce kada kowa ya gwada wannan haɗin da ƙananan resistocin rediyo. Me ya sa?

Injiniya: Saboda zafi, Malam. Ƙarfin da resista yake mayarwa zafi shi ne bolt ɗin da ke kansa sau amfiyar da ke bi ta cikinsa, kuma da wat ake auna shi. A haɗin rassa, mai om 4 yana da bolt 12 da amfiya 3, wato wat 36, alhali ƙananan nan da muka saba gani galibinsu rubu'in wat aka yi su su ɗauka. Kafin ka janye hannunka ya yi hayaƙi. Akwai kuma wani abin lura: a haɗin jeri babban ne ya fi ɗaukar zafi, wat 6.75, ƙaramin kuma 2.25, amma a haɗin rassa lamarin ya juya, ƙaramin yana da 36, babban yana da 12. Resistocin ba su canja ba, batir bai canja ba, yadda aka ɗaura wayoyi ne kawai ya mayar da wat 9 ya zama wat 48.

Mai gabatarwa: Idan kuma da'irar ta haɗa iri biyun fa?

Malama: Sai a bi ta daki-daki, a fara dunƙule ta, sannan a warware. A ce mun sa wani resista mai om 3 a gaban waɗannan rassa biyu. Rassan sun dunƙule sun zama om 3, a haɗa da sabon 3 a jere, jimilla om 6, batir yana ba da amfiya 2. Sabon resistan ya ɗauki bolt 6, saura 6 ga rassan, saboda haka reshen om 4 yana samun amfiya 1.5, na om 12 yana samun 0.5, kuma jimillarsu ta dawo 2. Ina gargaɗin ɗalibaina kada su yarda da siffar zane, domin resista biyu suna iya kasancewa kusa da juna a takarda ba tare da suna rassa ba. Abin dubawa shi ne ko kawunansu suna haɗe a mahaɗa ɗaya, ƙafafunsu ma suna haɗe a wata mahaɗar ɗaya.

Injiniya: Wannan ma yana shafar yadda ake riƙe mita, wato na'urar da muke auna bolt, amfiya da om da ita. Idan bolt kake aunawa, ka ɗora tsinken mita biyu a gefe da gefen resistan, wato mitar ta zama reshe, kuma an yi ta da turjiya mai yawa, kimanin om miliyan 10 a yawancin mitocin dijital, domin kada ta ja wutar da za ta ɓata awon. Idan amfiya kake aunawa, dole ka yanke hanyar ka sa mitar a jere. Yaran shago da yawa sun ƙona fis ɗin mita saboda sun bar ta a kan amfiya suka ɗora ta kai tsaye a kan batir.

Mai gabatarwa: Na taɓa auna wani resista a kan allo, launin zobban da ke nuna yawan om ɗinsa ruwan ƙasa, baƙi da ja, wanda ya kamata ya ba da om 1000, amma mita ta nuna ƙasa da haka sosai. Na ɗauka ya lalace.

Injiniya: Mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Muddin yana manne a allo, sauran kayan da ke kewaye da shi sun zama masa rassa, kuma mun riga mun ga abin da rassa suke yi wa jimilla. Idan akwai zobe mai launin zinare a ƙarshensa, yana nufin an yarda ya kauce da kashi 5 cikin ɗari, wato daga 950 zuwa 1050. Ka cire batir, ka narkar da dalmar ƙafa ɗaya ka ɗaga ta sama, sannan ka sake aunawa.

Mai gabatarwa: Zan gwada hakan da yamma. Malama, ki bar wa masu sauraro aikin gida kafin mu yi sallama.

Malama: Su ɗauki resista uku, kowanne mai om 6. Akwai hanyoyi huɗu na haɗa su duka ukun, kuma kowace hanya tana ba da jimilla dabam. Biyu daga ciki su ne 18 da 2, sai su nemo mana sauran biyun.