Kaay Fecc: bikin da ake koyon rawa da safe, a kalle ta da dare

Kabiru: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma mu uku ne: ni Kabiru, ga Malam Idi mutumin Damagaram, ga kuma ƙanwarmu Hadiza, wadda za ta ba mu labarin bikin rawar da ta halarta a Dakar, babban birnin Senegal. Hadiza, fara mana da sunan tukuna.

Hadiza: Wa alaikumus salam, Yaya Kabiru. Sunansa Kaay Fecc, da harshen Wolof ke nan, ma'anarsa "zo ka yi rawa". An fara shi a 2001, kuma Gacirah Diagne na cikin waɗanda suka daɗe suna jan ragamarsa. Ku lura da sunan, ba "zo ka kalla" suka ce ba.

Malam Idi: To ai kowane biki gayyata yake yi, 'yata. Me ya bambanta shi?

Hadiza: Malam, da dare ana wasa a kan dandamali, ka ga masu rawar gargajiya sun sauka, 'yan hip-hop sun hau, bayansu kuma masu rawar zamani irin wadda ake tsarawa kamar wasan kwaikwayo. Amma da rana aji ake yi. Wanda ka tafa wa jiya, yau ga shi tsaye a gabanka ba takalmi, yana nuna maka inda za ka ajiye ƙafa.

Kabiru: Ke wane aji kika shiga?

Hadiza: Na sabar. Sabar sunan gangar ne, kuma sunan rawar. Da hannu ɗaya da siririyar sanda ɗaya ake kaɗa ta, ƙararta tsau-tsau, har cikin ƙirji kake jin ta. Mu kusan ashirin ne a ɗakin, makaɗa uku a gefe. Malamar ba ta fara da tsalle ba. Ta sa muka tsaya, muka sassauta gwiwa, ta riƙa rera kiɗan da baki muna maimaitawa, sai da kunne ya riƙe sannan ta bar ƙafa ta motsa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne babban makaɗin. Idonsa ba ya barin ƙafar mai rawa. In ka dira, sandarsa ta dira tare da kai.

Malam Idi: Wannan ai shi ne tsakanin mai kalangu da mahauci. Ina yaro, in aka yi wasan mahauta, mai kalangu bin ɗan rawa yake yi taku-taku, yana matse tsarkiya a hammata, kalangun na kiran sunan mutum da na ubansa. Ko su can suna da irinsa?

Hadiza: Suna da shi, tama suke ce masa. Ya fi namu ƙanƙanta, amma a hammata ake matse shi. Da na ji shi sai da gida ya faɗo min a rai.

Kabiru: Kin taɓa ce min akwai ranar da kika fito ajin ranki a jagule.

Hadiza: Rana ta uku ce. Malamar ta sa muka yi da'ira, ta ce kowa ya shiga tsakiya ya nuna rawar garinsu. Wata 'yar Kasamans, yankin kudancin Senegal, ta shiga ta yi ta ƙabilar Jola, jiki a sunkuye, ƙafa na dukan ƙasa. Wani ɗan Gini ya yi tasu. Da aka zo kaina, Yaya, na tsaya cak. Na san sunaye, na san koroso, na san asauwara, na san takai, na sha kallonsu. Amma ko taku ɗaya babu a jikina. Abin da ya cece ni gaɗa ce, wadda kakata ta koya mana a tsakar gida lokacin farin wata. Na fara tafi, na rera baiti biyu, na nuna musu yadda yarinya ke sakin jiki ta faɗa baya ƙawayenta su cafe ta su cilla. Nan take mata huɗu suka jeru suna so su gwada. Na yi murna, amma da na koma masauki sai da na yi hawaye, don baiti biyun nan su ke nan abin da ya rage min.

Malam Idi: Allah ya jiƙan kakarki. Gaskiya dandali ya mutu a unguwanni da yawa, kuma shi ne makarantar. Ba wanda ya taɓa biyan kuɗi ya koyi gaɗa.

Kabiru: Amma Malam, ba mu rasa bukukuwa ba. Ga NAFEST, bikin fasaha da al'adu na ƙasa a Najeriya, tun 1970, jihohi na kai ƙungiyoyinsu. Ga 'yan koroso na Kano a Gidan Ɗan Hausa, da kacau-kacau a ƙafa, duk wanda ya gan su ya san an iya.

Hadiza: An iya ƙwarai. Sai dai ana gamawa a ba da kofi, kowa ya hau mota. Yaron da ya tsaya a bayan igiya yana kallo baki buɗe, wa zai ce masa gobe da safe ka zo in nuna maka? Abin da nake ta faɗa ke nan.

Malam Idi: Bari in kawo abin da iyaye za su ce, don ni ma uba ne. Ba kowa ne zai bar 'yarsa ta shiga ɗaki ɗaya da maza ana rawa ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Hadiza: Ni ma ban gani ba, Malam. Amma gaɗa da ma ta mata ce zalla. Takai da rawar 'yan tauri na maza ne. Rabuwar tana nan tun asali. A samu tsakar gida ɗaya, a kira tsofaffin mata uku, a rufe ƙofa. A can gefe kuma a ba samari sandunansu da makaɗinsu.

Kabiru: Kuma a biya tsofaffin nan, kada a sallame su da goro.

Hadiza: Sosai. Su Senegal ba su raina mai koyarwa ba. Ka dubi Germaine Acogny, shahararriyar mai rawa kuma malamar rawa. Ta shugabanci makarantar rawa ta Mudra Afrique a Dakar daga 1977 zuwa 1982, wadda Senghor, shugaban Senegal na lokacin, da Maurice Béjart, wani Bafaranshe mai tsara rawa, suka kafa. Daga baya ta gina wata makarantar rawa, École des Sables, a ƙauyen Toubab Dialaw, a bakin teku kudu da Dakar, inda ɗaya daga cikin wuraren atisayen daɓensa yashi ne kawai. A 2021 aka ba ta kyautar Zakin Zinare, lambar yabo ta gwanayen fasaha, a birnin Venice na Italiya, tana da shekaru fiye da 70.

Malam Idi: To ni akwai wata gwaggona a Mirriya, har yanzu in ta ji tafi kafaɗarta motsi take yi. Na tabbata waƙoƙin gaɗar da ke kanta sun fi ƙarfin zama ɗaya.

Hadiza: Malam, don Allah in za ka je gida da salla ka tafi da ni. Zan zo da rakoda, in zo da 'yan ƙannena biyu.

Malam Idi: Sai ki shirya kwana uku, don ba ta fara waƙa sai ta gama tambayar lafiyar kowa.

Kabiru: Allah ya kai mu. Masu saurare, a nan za mu dakata, sai mako mai zuwa.